Neman tallafin rabin aji a ƙauyukan Kano da Jigawa: inda kuɗin yake da inda ake faɗuwa

Ranar da aka ji sanarwa a rediyo cewa za a raba tallafi don gyara karatun ƙananan yara, yawancin makarantun karkara sun riga sun makara. Abubuwan da masu tantancewa ke dubawa ba sa haɗuwa cikin mako biyu: alƙaluman makarantar a ƙidayar shekara, asusun banki mai rai, kwamitin da yake zama da gaske, da malamar da aka san daga inda albashinta zai riƙa fitowa. Makarantar da ta tanadi waɗannan tun kafin a yi maganar kuɗi ita ke shiga jerin. Sauran kuma su yi ta zargin siyasa, wani lokaci da gaskiyarsu, wani lokaci kuwa fayil ɗinsu ne babu komai a ciki.

Sai an san hanyar da kuɗin ke bi kafin a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, wato UBEC, a Abuja ke riƙe da shi. Rabin wannan kuɗi ana raba shi daidai wa daida tsakanin jihohi 36 da Abuja, wato Kano mai ƙananan hukumomi 44 da ɗimbin makarantu kasonta ɗaya da jihar da ba ta kai rabinta ba. Kuma jiha ba ta taɓa kasonta sai ta ajiye kwatankwacinsa, naira a kan naira, sannan hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar, wato SUBEB, ta miƙa tsarin aiki mai ɗauke da sunayen makarantu da abin da za a yi a kowacce. Wannan sharaɗi ne ya sa biliyoyin naira ke kwana a Abuja shekara da shekaru ba a ɗauka ba, domin wasu jihohin ba sa zuba nasu kason a kan lokaci.

Wannan ce ƙofa ta farko. A tsarin rabon da aka daɗe ana bi, kashi 60 na firamare ne, 35 na ƙaramar sakandare, rabin aji kuma, wato ajin share fage kafin aji 1, kashi 5 kacal. A yi lissafi. A ɗauka kason tarayya da na jiha sun haɗu sun zama naira biliyan 2 a shekara. Na rabin aji miliyan 100 ke nan. A raba wa ƙananan hukumomin Kano 44, kowacce ba ta kai miliyan 2 da rabi ba. A Jigawa mai 27, miliyan 3 da dubu ɗari bakwai. Da farashin siminti da kwano na yanzu, wannan da ƙyar ya tayar da aji ɗaya a duk faɗin ƙaramar hukuma. Saboda haka duk wanda ya rubuta buƙatar sabon ginin rabin aji shi kaɗai ya shiga layi mafi tsawo a kan kuɗi mafi ƙanƙanta. Dabarar ita ce a jingina buƙatar da ta firamaren: idan za a gina wa 'yan aji 5 da 6 sabon bulok daga kaso mai tsoka, sai a nemi ɗan abin da zai gyara tsohon ɗakin da za su bari, a mayar da shi na yara 'yan shekara 5.

Ƙofa ta biyu ita ce tallafin da UBEC ke turawa kai tsaye asusun kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, don ƙananan ayyuka irin su gyaran aji, banɗaki, ruwa da kujeru. A irin wannan galibi ana neman al'umma ta kawo kashi 10 cikin 100, ko kuɗi, ko yashi da tsakuwa, ko aikin ƙarfi. Ƙofa ta uku kuɗin da ke zuwa daga waje amma ta hannun gwamnati. Shirin NIPEP, na dala miliyan 100, wanda ya fara a 2015 a Kano, Jigawa, Kaduna, Katsina da Sakkwato, ya ba da tallafi na musamman ga azuzuwan share fage ta asusun makarantu, ya kuma ɗauki nauyin malamai mata su yi NCE. Bayansa BESDA, na Bankin Duniya, dala miliyan 611 a 2017, jihohi 17 har da Kano da Jigawa, ya zo da wani salo: ba a biyan jiha sai ta nuna sakamako an kuma tantance shi. Wannan salo ya zauna, kuma shi ya mayar da lamarin gasa. Jihar da ke son a biya ta za ta zaɓi makarantun da ta san alƙalumansu za su tsaya idan an zo dubawa.

Amurka ta yi irin wannan gasa a fili a 2011, zamanin Obama. An ajiye dala miliyan 500, jihohi 35 da birnin Washinton da Fato Riko suka nema, 9 suka samu a zagayen farko. Abin lura shi ne an ba da maki a kan abin da jiha ta riga ta yi kafin gasar, kuɗin da ta zuba da tsarin da ta kafa, ba a kan alkawari kaɗai ba. Mai duba takardar makarantar ƙauye a Dutse ko Kano shi ma haka idonsa yake, ko da ba a rubuta masa ba. Ajin da yake tafiya a ƙarƙashin rumfar zana da yara 30 da rajista ya fi ajin da yake cikin takarda kawai ƙarfin hujja.

Ƙidaya kafin komai

Duk shekara ana cike fom ɗin ƙidayar makarantu, kuma daga cikinsa ne sashen tsare-tsare na ma'aikatar ilimi da SUBEB ke ɗebo alƙaluma. A fom ɗin akwai gurbin yaran share fage daban. Hedimastoci da yawa kan bar shi fayau, su zuba yaran cikin aji 1, ko don ba su ɗauki rabin ajin a matsayin aji na gaske ba, ko don a lokacin da ake ciyar da ɗalibai 'yan aji 1 zuwa 3 ne kawai ke samun abinci, sai aka tura har 'yan shekara 4 can. Sakamakon shi ne a kwamfutar gwamnati makarantar ba ta da rabin aji, don haka ba ta cikin waɗanda za a yi la'akari da su. Gyaran wannan ba ya cin ko sisi. A cike gurbin, maza daban mata daban, a ajiye kwafi a ofis, a kuma tabbatar sunan makarantar da lambarta sun yi daidai da yadda suke a ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Harafi ɗaya da ya bambanta tsakanin sunan da ke asusun banki da wanda ke jerin SUBEB ya isa ya tsayar da biya na watanni.

Bayan wannan sai ƙidayar gida-gida. Kowane mai unguwa ya fita da malami ɗaya da mace ɗaya daga ƙungiyar iyaye mata, domin namiji ba zai shiga cikin gida ba, kuma uwa ce ta san lokacin da ta haihu. A rubuta sunan yaro, sunan mahaifi, unguwa, shekaru, da ko yana da wata lalura ta ji, gani ko tafiya. Wahalar tana wajen shekaru. Inda babu takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, katin rigakafi ya fi komai amfani. In shi ma babu, a auna da abin da kowa ya sani, kamar damina nawa ke nan, kafin ambaliyar 2022 ko bayanta, da azumi ko da babbar Sallah. Tsohuwar dabarar nan ta sa yaro ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓa kunne tana zaluntar yaran da tamowa ta hana girma, kuma su ne suka fi bukatar ajin. Kada a manta da rugage da ƙananan ƙauyukan da ke zagaye. Yaro ɗan shekara 5 ba ya iya tafiyar da ɗan aji 4 ke yi, don haka a rubuta nisan kowace unguwa, a ware waɗanda suka wuce kilomita ɗaya ko waɗanda sai sun tsallaka rafi ko kwalta.

Manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 ta sanya shekara ɗaya ta share fage cikin ilimin bai-ɗaya, ta kuma ce malami ɗaya ga yara 25. Idan ƙidaya ta nuna yara 90, azuzuwa 4 ke nan da malamai 4. Babu mai ba da wannan a tashi ɗaya, kuma wanda ya nemi duka ya nuna bai san aikin ba. Gara a nemi aji ɗaya ko biyu, a faɗi ƙa'idar da za a bi wajen ɗauka, misali a fara da waɗanda za su shiga aji 1 a Satumba mai zuwa. Akwai wata lamba da ke da tasiri ƙwarai wadda ba kasafai ake sa ta ba: yawan yaran da ba su kai shekara 6 ba amma suna zaune a aji 1, da yawan masu maimaita ajin. Ita ke nuna wa jami'i cewa rabin aji zai rage cunkoson ajin da shi ma yake damunsa.

Maganar malama

A nan ne mafi yawan shirye-shirye ke mutuwa, kuma mai tantancewa da ya san aikinsa nan yake fara buɗewa. Tallafi yana sayen abin da ake saye sau ɗaya. Kason UBEC ba a biyan albashi da shi. Albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi, SUBEB ta biya. Don haka takardar da ta ce za a ɗauki malama ba tare da faɗin wanda zai biya ta ba, ta bar rami a tsakiyarta. Abin da ke cike ramin shi ne wasiƙa daga sakataren ilimi, mai sa hannu da hatimi, da ke cewa an ware wance, mai lambar ma'aikaci kaza, ga rabin aji na wannan makaranta. A haɗa da kwafin takardar NCE ɗinta da rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa.

Mafi kyau a samu wadda ta karanci renon yara da koyar da su a NCE. Irinsu ba su da yawa a karkara, kuma wadda aka turo daga cikin gari, wadda kuɗin acaba ke cinye sulusin albashinta, ba ta daɗewa kafin ta nemi canji. 'Yar garin da ke aure a garin, ko da Hausa ko addinin Musulunci ta karanta a kwalejin Gumel ko ta Kumbotso, ta fi zama, sai a nema mata horo cikin kason horar da malamai. Abin da ya kamata a guje masa shi ne al'adar tura malamin da ya gaji, ko wanda ba a san inda za a kai shi ba, wai ai yara ne. Ajin nan ya fi kowane aji bukatar mai ƙarfin jiki da haƙuri, mai iya zama a tabarma ta tashi sau ashirin kafin tara.

Malama ɗaya ba ta iya riƙe yara 25 ta kuma raka wanda fitsari ya matsa. Ana bukatar mai taimaka mata, kuma wannan nauyin al'umma ne. A rubuta yadda za a biya ta a fili: nawa a wata, daga ina, wa ke tarawa. Alkawarin kuɗi duk wata yakan karye a tsakiyar damina lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Wanda ya fi ɗorewa shi ne a tara hatsi da kaka, tiya kaza daga kowane gida, a adana, a riƙa sayarwa ana biya. Haka ma gudummawar kashi 10, da kaka ake tara ta, ba a watan Yuli ba. A kuma yi tanadin abin da kowa ya sani zai faru: yarinya 'yar shekara 5 za ta zo da goyon ƙaninta. In ba a yi yarjejeniya da iyaye mata tun farko ba, ajin zai koma gidan raino cikin wata ɗaya.

A zauna da malaman allo da na Islamiyya kafin a sa lokacin shiga. Awa uku zuwa uku da rabi sun ishi ɗan shekara 5, don haka ana iya farawa bayan an tashi daga karatun safe. Sa hannun liman da alaramma a takardar amincewa yana da nauyi a idon iyaye, kuma yana nuna wa mai dubawa cewa ajin ba zai zama fanko ba.

Abin da za a saya da yadda ake ƙiyasta shi

Ajin firamare na gwamnati yakan kai mita 7 a 8. Ga yara 25 wannan fili ne mai kyau, muddin ba a cika shi da bencina ba. Dogon bencin 'yan aji 4 bai dace da su ba, ƙafafunsu na reto, teburin na kai musu haɓa. Kujerar ɗan shekara 5 tsayinta daga ƙasa kimanin santimita 30 ne, tebur kuma 50 zuwa 53. Ba dole ne kowa ya samu kujera ba. Ƙananan tebura huɗu ko biyar a gefe, tabarmi a tsakiya, ya fi arha kuma ya fi dacewa da yadda suke koyo. Sai dai tabarma tana bukatar daɓe mai kyau. Daɓen da aka tsuke wa siminti yakan farfashe cikin shekara, ƙura ta tashi, tari da mura su biyo baya. Idan kuɗi bai isa komai ba, a fifita daɓe da rufi da tagogi masu murfi a kan fenti. A shafa baƙin allo a jikin bango ƙasa-ƙasa, daga gwiwar babba zuwa ƙugunsa, ya zagaye ɗakin, yara su yi ta zane da alli.

In gini za a yi ko gyaran bango, bulo mai inci 9 guda 10 ke rufe murabba'in mita ɗaya. Buhun siminti ya fitar da bulo 25 zuwa 30. Masu buga na sayarwa kan ja shi ya wuce 40, shi ne wanda ke marmashewa a hannu. Da hunturu iska na busar da siminti kafin ya kama, don haka a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana bakwai, a kuma sa kuɗin ɗibar ruwan a ƙiyasi, domin ana yawan manta shi. Katakon rufi a shafe shi da maganin gara, a ɗaure shi da jikin gini da ƙarfe ko waya mai kauri. Iskar farkon damina ce ke yaye kwanon makarantu a wannan yanki, kuma kusan kullum matsalar ɗaurin ce.

Ƙasa ta bambanta, kuma ƙiyasin da aka kwafo daga wani gari yakan tona kansa a nan. A yankin Auyo, Kafin Hausa, Guri da Kiri Kasamma, inda kogin Haɗeja ke malala, dole a ɗaga harsashi da daɓe sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa, a kuma ɗaga ramin masai. A ƙasa mai rairayi irin ta Maigatari, Babura da Sule Tankarkar, ramin da ba a gina cikinsa da bulo ba zai rufta. A wuraren dutse kamar Doguwa, Tudun Wada, Birnin Kudu da kewayen Dutse, kada a sa kuɗin rijiyar burtsatse sai an yi gwajin ƙasa, in ba haka ba a haƙa a tarar da busasshen rami, kuɗi sun tafi.

Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga makarantar jeka-ka-dawo shi ne lita 5 na ruwa ga kowane mutum a rana, da masai ɗaya ga 'yan mata 25. Aji mai yara 25 jarka biyar ke nan ta lita 25 kullum. Masai na manya yana tsorata ƙananan yara: ramin ya yi faɗi, ciki duhu, ƙofa mai nauyi. Sai su zagaya bayansa. Nasu ya zama mai ƙaramin baki, mai haske, kusa da aji inda malama ke hangowa, amma nesa da rijiya da aƙalla mita 30. A Jigawa, wadda aka ayyana a 2022 a matsayin jiha ta farko da ta daina bahaya a fili, takardar da ba ta ambaci banɗaki ba tana ba da kunya.

Kayan wasa na roba da ake jibgowa daga kasuwa su ne ɓarnar da aka fi yi. Suna karyewa, ko a kulle su a ofishin hedimasta don gudun ɓata. Lilo da sulun ƙarfe a rana tsaka a watan Afrilu ba sa taɓuwa. Abin da ke aiki: ƙananan alluna da alli, littattafan hoto na Hausa masu manyan haruffa, fensir mai kala, takarda, akwatin ƙarfe mai makulli a cikin ajin, sai abin da gari ke da shi kyauta, wato kara, murafun kwalba, ƙwallon goruba, yumɓu, tsumman tela. A guji ƙananan 'ya'yan itace da yaro zai iya cusawa a hanci ko kunne. Tatsuniya, kacici-kacici, carafke da 'yar gala-gala duk darasi ne na harshe da lissafi idan malama ta san abin da take nema a cikinsu. A nemi kwafin manhajar share fage ta NERDC, hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, daga ofishin ilimi a ambace ta a takarda. Batun harshen koyarwa kuwa, manufar 2013 ta ce harshen uwa ko na yankin, gwamnatin tarayya kuma ta sha sauya magana a kai, don haka a bi abin da sanarwar tallafin ta ce. A aikace dai yaron ƙauye da Hausa ko Fulatanci zai fahimci komai a wannan shekarar, kuma inda yaran ruga suke da yawa, mataimakiya mai jin Fulatanci ta fi kowane kaya amfani.

Kowane farashi a samo shi daga 'yan kasuwa uku, a rubuce, da kwanan wata. Tun bayan cire tallafin mai a 2023 an ga yadda ƙiyasin wata shida ke zama tarihi. Tsakanin miƙa takarda da shigowar kuɗi ana iya cinye shekara, don haka a sa kashi 5 zuwa 10 na ko-ta-kwana idan fom ya yarda, a kuma jera ayyukan bisa muhimmanci, yadda in kuɗi sun gaza an san abin da za a bari. Kuɗin dako kada a raina shi. Kai siminti ƙauyen da ba kwalta da damina na iya ninka abin da aka zata.

Kwamiti da asusu

SBMC na takarda, wanda hedimasta ya rubuta sunaye a daren da za a zo dubawa, ana gane shi da tambaya biyu. Na gaske yana da littafin zama mai kwanan wata da sa hannu ko dangwale, yana da mata da ke magana a cikinsa, yana da tsarin raya makaranta na shekara wanda rabin aji ke ciki tun kafin a ji labarin tallafi. Asusun ya kasance da sunan kwamitin, masu sa hannu galibi shugaba da ma'aji da hedimasta, kowa da BVN ɗinsa. Asusun da aka buɗe zamanin NIPEP aka bar shi ba shiga ba fita ya daɗe da yin barci. A je banki a tashe shi, a kuma sauya sunan hedimastan da aka canza wa wurin aiki ko shugaban da ya rasu, domin wannan kaɗai kan ɗauki makonni.

Idan sanarwa ta fito, a nemi takardar ƙa'idoji da yadda aka raba maki, a karanta ta a zaman kwamiti da Hausa. Inda maki ya fi yawa nan za a fi ba ƙarfi. A amsa abin da aka tambaya a gurbin da aka tambaye shi. Dogon bayani kan muhimmancin ilimi da yabon gwamna ba su da maki. Hotuna masu kwanan wata, jerin sunayen yara, wasiƙar malama da takardar filin makaranta daga dagaci su ke da shi. Ba a sayen fom ɗin tallafin gwamnati, duk wanda ya ce a kawo wani abu don ya shigar da suna a kai maganarsa ga sakataren ilimi. Gaskiya ne mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya, kuma babu laifi a sanar da kansila da ɗan majalisar jiha cewa an nema. Amma shi ma ɗan majalisar ya fi iya tsaya wa makarantar da fayil ɗinta ya cika, kuma jami'in wayar da kai na ƙaramar hukuma, wanda shi ke zagayawa yana rubuta rahoto, ya kamata ya ga ajin da idonsa tun kafin lokacin.

Bayan kuɗi sun shigo

Galibi kashi-kashi ake biya, kuma kashi na biyu yana rataye ne a kan bayanin na farko. Abubuwan da ke hana shi sanannu ne. A cire kuɗin gaba ɗaya a ajiye a gidan ma'aji. A sayi kaya ba rasit. A sauya aiki ba izini, an nemi banɗaki sai aka ga gyaran ofis ya fi gaggawa. Ko da sauyin yana da hujja, sai an rubuta an samu amsa a rubuce. A riƙe littafin shige da fice, kowane biya da rasit ɗinsa da sa hannun wanda ya karɓa, har leburan da aka ba kuɗin yini. Gudummawar gari ma a rubuta ta da ƙimarta: amalanken yashi nawa, mutum nawa suka yi aikin gayya, kwana nawa. A liƙa adadin kuɗin da aka samu a bangon makaranta, a kuma faɗe shi a masallaci ranar Juma'a. Wannan ke kare shugaban kwamiti daga ƙananan maganganu, waɗanda sun rusa kwamitoci fiye da satar kanta.

Sakamakon da za a nema ba yawan sunaye a rajista ba ne, yawan masu zuwa ne. Mai tantancewa yakan zo ba sanarwa ya ƙirga kawuna, kuma idan rajista ta ce 60 ya tarar da 18, makarantar ta shiga baƙin littafi har a zagaye na gaba. A kira suna kullum. A lura da ranar kasuwa da lokacin shuka da girbi, a rubuta dalilin raguwa. A makon farko na zango malama ta zauna da kowane yaro minti goma: yana faɗin sunansa da na mahaifinsa, yana ƙirga tsakuwa goma yana taɓa kowacce, yana riƙe alli, yana gane wasu haruffa, yana iya maimaita gajeren labari. A rubuta, a sake a ƙarshen shekara, a kuma bi sawun nawa ne suka shiga aji 1 suka zauna. A gayyaci ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi ya duba katin rigakafi, a kuma sa ajin cikin wuraren da ake zuwa a makon lafiyar mata da yara. Shafi biyu na irin waɗannan alƙaluma su ne jarin neman tallafi na gaba.

Idan ba a samu ba, shugaban kwamiti da hedimasta su je ofishin sakataren ilimi su tambayi abin da ya rage a fayil ɗin, su rubuta amsar a littafin zama. A ci gaba da ajin ko a rumfa ne, a sabunta ƙidayar gida-gida kafin Satumba, a sake karɓo farashi, a kuma kai kwafin buƙatar tun kafin SUBEB ta fara haɗa tsarin aikinta na shekara mai zuwa, domin da zarar jerin ya tafi Abuja, sauya suna a cikinsa sai da izinin UBEC.